JIRGIN DA BA YA ZUWA KO'INA

Ranar wata Asabar da almuru muna zaune a teburin mai shayi kusa da Ƙofar Ƙaura, mu shida, huɗu ɗalibai, biyu sababbin ma'aikata, sai ɗaya daga cikin ma'aikatan nan ya zaro wayarsa ya ce mu matso mu ga ikon Allah. Ashe hotunan maigidansa ne na wurin aiki, wanda ya ɗauki hutun shekara ya kwashi uwargida da yara suka tafi Amurka, suka shiga wani jirgin ruwa mai zagaya tsibiran Karibiyan. Ga maigida da gajeren wando da malfa, mutumin da ba mu taɓa ganin gwiwarsa ba. Ga tebura an jera abinci sai ka ce walimar naɗin sarauta. Ga teku shuɗi iyakar ganin ido, ga itatuwan kwakwa, ga farin rairayi. Wayar ta zagaya hannu-hannu, wannan ya ce "Allah Ya kai mu," wancan ya ce "Allah Ya maimaita mana." Babu wanda ya tambayi nawa ne albashin maigidan. Ni ma ban tambaya ba, na shafa amin tare da kowa, kuma kunyar wannan amin ɗin ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da samarin ma'aikata, bari mu fara da sanin abin da muke roƙon Allah Ya kai mu gare shi. Ɗauki jirgin nan da ake kira Icon of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean, wanda aka ƙera a ƙasar Finlan a kan kuɗi kimanin dala biliyan 2, ya fara aiki a watan Janairu na 2024. Tsawonsa mita 365, watau ya ɗara filin ƙwallo uku a jere. Hawa 20 gare shi. Yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350, kusan mutum 10,000 ke nan, gari guda sukutum a bisa ruwa, da wuraren iyo da gidajen rawa da na caca da kantuna. Irin waɗannan jirage sukan tashi daga Miyami, su yi kwana bakwai suna leƙa tsibirai, nan awa shida can awa takwas, sa'an nan su komo Miyamin da suka baro. Ba sa kai kowa ko'ina. Inda aka ɗauke ka nan za a ajiye ka, sai dai aljihunka ya rage nauyi, tumbinka ya ƙaru.

Kakanninmu matafiya ne, ba wanda zai koya wa Bakatsine tafiya. Fatake sun bi ayari wata da watanni zuwa Gwanja saboda goro. Alhazan da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur sun yi shekaru a hanya, suna noma da ƙwadago a Sudan har su tara kuɗin fito, kana su ƙetare Bahar Maliya cikin ƙananan jirage, waɗansu ma can suka zauna har jikoki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, a 1921, ya gangara Ikko, watau Legas, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar, daga can ya wuce Makka ya sauke farali. Muna iya gardama a kan abin da Turawan mulkin mallaka suka nufa da nuna masa ƙasarsu, kuma gardamar tana da amfani. Amma duk waɗannan tafiye-tafiye suna da zango, suna da abin da aka fita nema, ko goro, ko ilmi, ko lada, ko sanin sirrin wanda ya fi ka ƙarfi. Wannan sabuwar tafiya kuwa abin da aka fita nema shi ne hoto, don a aiko wa talaka ya gani ya haɗiyi yawu.

Na san abin da za a ce. Za a ce hassada ce, wai wanda bai samu ba shi ke cewa haramun. Za a ce mutum da kuɗinsa, in ya ga dama ya zuba su a teku. Za a ce ai hutu halal ne, ganin ƙasashen Allah kuma abin so ne. Na yarda da na ƙarshen ɗari bisa ɗari. Ɗan kasuwar da ya yi guminsa a Kantin Kwari ko a babbar kasuwar Katsina, ya biya haraji ya fid da zakka, in ya ga dama ya zagaya duniya sau bakwai, ba ruwan wannan mujalla da shi. Maganata a kan mai cin albashin gwamnati ce, kuma ba wa'azi zan yi ba, lissafi zan yi, irin na 'yan aji uku.

Tun 2024 mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne a wata, watau 840,000 a shekara. A 2025 dala ɗaya ta tsaya a wajen naira 1,500. To, mu sassauta ƙwarai, mu ɗauka don misali cewa kuɗin biza da tikitin jirgin sama zuwa Amurka da dawowa, da ɗaki a jirgin ruwan, da ɗan abin kashewa, duka dala 5,000 ne ga mutum ɗaya. Naira miliyan bakwai da rabi ke nan, albashin masinjan ofis na kusan shekara tara, in bai ci ba bai sha ba. Maigida kuwa su biyar suka tafi. Ku ninka da kanku, sa'an nan ku ɗauko jadawalin albashin ma'aikata, ku hau shi tun daga mataki na ɗaya har na goma sha bakwai, ku nuna mini matakin da wannan kuɗi ke fitowa. Watakila gado ya ci, Allah Ya jiƙan mamacin. Watakila noma yake yi, tun da tsarin mulkinmu ya hana ma'aikaci gudanar da kasuwanci sai noma kaɗai. Abin mamaki dai shi ne, a shekarun da manoman Batsari da Safana da Jibiya suka kasa zuwa gonakinsu saboda 'yan bindiga, gonakin manyan ma'aikata ba su taɓa yin fari ba. Lalle gonar da ake nomawa cikin fayil ta fi fadama albarka.

Akwai kuma abin da ba a nunawa cikin hotunan. Tsibiran nan masu farin rairayi suna da sana'a ta biyu, watau ajiyar dukiyar da mai ita ba ya son a san tasa ce. A tsibiran Virgin na Ingila, da Kayman, da Bahamas, lauya zai yi maka rajistar kamfani cikin 'yan kwanaki, kamfanin da ba shi da ma'aikaci ko ɗaya, ba shi da ofis sai akwatin gidan waya, amma yana iya mallakar gida a Landan da asusu a Suwizalan. Takardun Panama da aka fallasa a 2016, da na Pandora a 2021, sun fito da sunayen gwamnoni da sanatoci da ministocin Nijeriya, na Kudu da na Arewa. Kada wani ya ce wannan ciwon waɗansu ne. Dala miliyan 311 da aka maido wa Nijeriya a 2020 daga cikin dukiyar da aka wawure zamanin Janar Sani Abacha, a tsibirin Jersey aka same su, amma da sunan wani kamfani Doraville, wanda aka yi wa rajista a tsibiran Virgin. Kuɗin ƙasarmu sun riga maigida zuwa yawon shan iska da shekaru masu yawa, shi ya bi sawu ne kawai.

Wanda ya wuce shiga jirgin haya kuwa sai ya sayi nasa. A watan Yuli na 2017 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shigar da ƙara tana neman ƙwace kadarori na dala miliyan 144, cikinsu har da wani jirgin shaƙatawa mai suna Galactica Star na dala miliyan 80, mallakar ɗan kasuwar mai Kolawole Aluko. Zargin shi ne an sami kuɗin ta hanyar kwangilolin mai da aka bayar bisa cin hanci tsakanin 2011 da 2015, zamanin da Diezani Alison-Madueke ke ministar man fetur, ko da yake ita ta musanta. Jaridu sun ruwaito cewa mawaƙan Amurka sun yi hayar jirgin nan a kan dala 900,000 a mako guda. A canjin 2025 naira biliyan 1 da miliyan 350 ke nan. Da masinjan ofishinmu ya fara tara albashinsa tun shekarar Hijira, bai taɓa ko kwabo ba, da har yau bai haɗa kuɗin hayar makon nan ɗaya ba, da sauran shekara fiye da 150 a gabansa. A watan Janairu na 2025 Amurka ta amince ta maido da dala miliyan 52.88 daga kadarorin, aka ce miliyan 50 za a sa su a aikin kai wutar lantarki karkara. Ashe duhun da ke ƙauyukanmu a can yake haskaka teku.

Su kansu masu manyan jiragen sun san wannan dabara. Royal Caribbean a Miyami hedikwatarsa take, amma rajistarsa a Laberiya. Carnival, babban abokin hamayyarsa, a Panama aka yi masa rajista. Jiragen da yawa tutar Bahamas suke ɗagawa, don su kauce wa harajin Amurka da dokokinta na ƙwadago. Masu gyaran gado da wanke kwanoni a can ƙasan jirgi, inda ba taga, galibinsu 'yan Filifin ne da Indiya da Indonesiya, suna yin watanni a jere ba ranar hutu. Jari-hujja ba ta canza hali don ta hau ruwa.

A nan zan ɗan dakata a kan wani ɗan'uwanmu da ya riga kowa a cikinmu ganin waɗannan tekuna. Mahommah Gardo Baquaqua a garin Jugu aka haife shi, cikin ƙasar Benin ta yau, amma mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, kamar yadda ya faɗa da bakinsa cikin tarihin rayuwarsa da aka buga a Amurka a 1854. Wajen 1845 aka kama shi aka sayar, aka cusa shi cikin cikin jirgin bayi zuwa Barazil, tsirara, cikin ƙishirwa da ɗoyi, wanda ya mutu a jefa shi ruwa. A 1847 ya kuɓuta a Niyok, aka tsallakar da shi zuwa Haiti, ƙasar da bayi suka yi tawaye suka kori Faransa suka kafa jamhuriya a 1804. Faransa ba ta yafe ba. A 1825 ta tilasta wa Haiti biyan diyyar faran miliyan 150, watau bawa ya biya ubangijinsa kuɗin asarar bawa, bashin da ya karya ƙashin bayan ƙasar fiye da ƙarni guda.

To, a gaɓar arewa ta wannan Haiti ɗin akwai wani wuri, Labadee, da Royal Caribbean ya karɓa haya tun 1986, ya kewaye da shinge da masu gadi, don baƙinsa su yi wanka ba tare da sun ga talaucin masu ƙasa ba. A watan Janairu na 2010 girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti, dubban ɗaruruwa suka mutu. Kwana kaɗan bayan haka jiragen kamfanin suka ci gaba da sauke baƙi a Labadee, ana gasa nama ana kiɗa. Kamfanin ya ce ya kai kayan agaji, ya kuma yi alkawarin dala miliyan 1. Na ji. Amma ka tsaya ka duba wannan shinge da kyau, ɗan'uwa, za ka gane shi, gama irinsa ne ya raba unguwar Turawa da cikin birni a zamanin Razdan, irinsa ne kuma manyanmu suka gada suka ƙara wa tsawo. Jikan Katsinawa ya ƙetare wannan teku cikin mari, yau ɗan bokon Katsina yana ƙetare shi da cokali mai yatsu a hannu, bai ko san sunan wancan ba.

Kada mu yi nisa, mu komo gida. A ƙarshen watan Oktoba na 2023, lokacin da cire tallafin mai ya sa kuɗin mota daga cikin gari zuwa jami'a ya gagari ɗalibai da yawa, aka kai wa Majalisa ƙarin kasafin kuɗi na naira tiriliyan 2.17. Cikinsa an ware naira biliyan 5 domin jirgin ruwan shugaban ƙasa, an kuma ware biliyan 5.5 domin bashin karatu na ɗaliban Nijeriya kaf. Jirgi ɗaya a wannan hannu, mu duka a wancan, ma'aunin kuma ya kusa daidaita. Fadar shugaban ƙasa ta ce jirgin na aikin sojan ruwa ne, kuma tun gwamnatin da ta gabata aka yi odarsa, watau ta marigayi Muhammadu Buhari, ɗan jiharmu. Sai da jama'a suka yi ca kafin Majalisa ta soke kuɗin ta mai da na ɗalibai biliyan 10. Darasin da ke nan a fili yake: ihu ne ya karkatar da biliyan biyar ɗin, da amin muka ce da sun tafi teku.

Mu kuwa ga irin namu jiragen. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da aka cika maƙil ya dare a kogin Kwara kusa da Warra ta jihar Kebbi, mutum fiye da 100 suka salwanta. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar nan kwale-kwale ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, mutum 29 suka rasu, galibinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Mayu na 2022, cikin kwanakin ƙaramar Salla, a nan ƙaramar hukumar Mai'aduwa, kwale-kwale ya kife da masu yawon Salla, aƙalla 15 suka mutu, yawancinsu yara, da sababbin kayansu a jiki. Waɗannan tafiyarsu tana da zango, kasuwa za su, ko makaranta, ko gidan kaka, amma ba su kai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. A cikin hotunan maigida akwai guda da yake tsaye cikin layi ana nuna masa yadda ake ɗaura rigar kariya daga nutsewa. Dole ce. Tun bayan da jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a 2012, mutum 32 suka mutu daga cikin fiye da 4,200, aka tsananta doka cewa sai an koya wa kowane fasinja inda zai tsaya da abin da zai yi kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Kowane rai an rubuta sunansa, kowane rai da rigarsa da gurbinsa a jirgin ceto. Matuƙin Concordia kuwa ɗaurin shekara 16 aka yanke masa. Wannan shi ne abu ɗaya tak mai daraja a cikin wancan jirgi, kuma shi kaɗai ne manyanmu ba sa sayowa tsaraba. Sukan dawo da turare da agogo da malfa. In yaran talakawa sun nutse, sai su sa babbar riga su je ta'aziyya da buhunan shinkafa, a kafa kwamiti, a ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, ba mai musu. Amma maigida ma ya yi imani da ajali, bai kuwa hana shi ɗaura rigar nan tam a ƙirjinsa ba, ya ɗaura wa 'ya'yansa.

Ban wanke masu fito ba, waɗanda ke loda mutum hamsin a jirgin mutum ashirin saboda kwaɗayin kuɗi, ban kuma wanke fasinjan da ke ganin sa riga tsoro ne ba. Amma aikin hukuma ke nan, ta tsaya a mashiga ta ƙirga kai ta hana. A 2025 gwamnatin tarayya ta fara raba riguna 42,000 a jihohi 12, madalla. Sai dai ko da a ce kowace riga naira 20,000 ce, kuɗin jirgin shugaban ƙasa kaɗai da sun sayi 250,000. Kai, ruwan sha ma fa? An gama madatsar Zobe a 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da kashin farko na aikin jawo ruwanta, yaran da aka haifa shekarar da aka gama ta sun yi furfura suna sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa.

Mu ne za mu gaji kujerun nan, ko mun so ko mun ƙi. Cikin masu karanta wannan shafi akwai daraktocin gobe da manyan sakatarori, kuma ɓarawon gobe ba ranar da aka miƙa masa fayil yake zama ɓarawo ba, tun a teburin mai shayi yake ƙulla niyya, ranar da ya ga hoto ya ce Allah Ya kai shi bai tambayi ta wace hanya ba. Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu da abu biyu, ba su kuwa bukatar kuɗi mai yawa. Na farko, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, ofishin kula da ɗa'ar ma'aikata ma yana nan, inda kowane babban ma'aikaci ke rubuta abin da ya mallaka. Ɗalibanmu na sashen shari'a su koya mana rubuta takardar tambaya, mu riƙa aikawa muna buga amsar a wannan mujalla, in an yi shiru mu buga shirun da kwanan watansa. Na biyu, a hutun da ke tafe kowane ɗalibi da garinsu ke kusa da ruwa, ko Zobe, ko Jibiya, ko Sabke, ko Ajiwa, ya je mashiga da littafi da biro in hanya ta yi lafiya, ya ƙirgo jirage nawa ne, mutum nawa kowanne ke ɗauka ranar kasuwa, riguna nawa ke akwai, yaushe rabon da wani jami'i ya leƙo. A haɗa a kai wa Majalisar Dokokin jiha, a kuma liƙa kwafi a ƙofar ɗakin karatu.

Ni na ɗauki Ajiwa. Abokina mai wayar nan ya ce zai raka ni in an biya albashi ya sami na mai, ya kuma roƙe ni kada in ambaci ofishinsu, gama bai cika shekara biyu ba, ba a tabbatar masa da aikin ba tukuna.